Fili na makaranta, kuɗi na ƙaramar hukuma: wa zai ɗauki nauyin gyaran filayen wasan yara?

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na Najeriya kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, wata tambaya ke ta yawo a bakin masu horar da yara ƙwallo da iyaye a unguwanni: yanzu da kuɗi zai shigo hannun ciyaman, me zai hana a gyara mana filin firamaren nan? Amsar da aka fi ji ita ce a yi karo-karo, ƙaramar hukuma ta kawo nata, makaranta ta kawo nata. Kowa ya yarda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma da an zauna lissafi sai a tarar ba a ma daidaita a kan wace ce "makaranta" a wannan magana ba, balle abin da za ta iya kawowa.

Filin da ake magana a kai

A yawancin garuruwan Arewa, babban filin wasa irin na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, ko na Ahmadu Bello a Kaduna, ko na Muhammadu Dikko a Katsina, ba wurin yaran unguwa ba ne. Inda yaro ke fara taɓa ƙwallo shi ne filin makarantar gwamnati mafi kusa da gidansu. Da safe ɗalibai ne ke taron asambuli a kai. Da an yi la'asar sai ƙungiyoyin unguwa su shigo, ƙanana su fara, manya su kore su kafin magariba. Ranar Asabar mai koyon tuƙin mota ya zagaya, ranar biki a kafa rumfuna, lokacin zaɓe a kafa akwatuna.

Wanda ya tsaya a irin wannan fili bayan damina ya san abin da ake kira lalacewa. Ruwan da ke zubowa daga rufin ajujuwa ya yanka hanya ta tsakiyar fili har ya zama ɗan kwari. Gaban raga ya lotsa, ruwa na kwana a ciki. Inda aka kafa rumfar biki akwai ramukan turaku da ba a cike ba, kuma a nan ƙafar yaro ke gurɗewa. Kafin a fara wasa sai an bi an tsince fasassun kwalabe, sannan a zana layi da toka. Ta kusurwar da katanga ta faɗi kuma juji ya fara taruwa.

Girman filin ma yana da muhimmanci a lissafin. Cikakken filin ƙwallo irin wanda FIFA ta fi so mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, wato murabba'in mita 7,140. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai kai murabba'in mita 470 ba. Ke nan fili ɗaya ya ɗauki fuloti 15 da ɗoriya. A tsakiyar birni wannan dukiya ce mai yawa, shi ya sa idon masu neman gina shaguna ba ya sauka daga kansa. Rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a watan Yunin 2023 a Filin Idi da Filin Sukuwa, da shari'o'in da suka biyo baya, ya nuna yadda fili na jama'a kan koma abin rigima da zarar an fara yanka gefensa.

Me ake nufi da raba kuɗin gyara?

Kalmar "gyara" tana ɓoye abubuwa biyu da ba a biyansu daga aljihu ɗaya. Na farko aikin da ake yi sau ɗaya: baje ƙasa da gireda, zuba jar ƙasa, haƙa magudanar ruwa, tayar da katanga, kafa sandunan raga, wani lokacin da banɗaki da rijiyar burtsatse. A kasafin kuɗi wannan yana shiga cikin manyan ayyuka. Na biyu kulawar yau da gobe: albashin maigadi, yashe magudana kafin damina, cike ramuka, shara, sauya raga, gyaran famfo. Wannan yana cikin kuɗin gudanarwa, kuma ba ya ƙarewa.

Idan aka ce "a raba biyu", yawanci na farkon ake nufi, domin shi ake gani, shi ake yanka kyalle a buɗe. Na biyun ba a cika ambatarsa a wurin taro ba, alhali shi ke tabbatar da ko filin zai kai shekara biyar ko damina biyu za ta mayar da shi yadda yake.

Gudummawa kuma ba lallai ta zama tsabar kuɗi ba. Ƙaramar hukuma na iya bayar da gireda da tifa daga sashen ayyukanta, in tana da su a kan ƙafa. Makaranta na iya bayar da filin da sa'o'in da za a buɗe shi ga jama'a. Mutanen unguwa na iya yin aikin gayya. Matsalar irin wannan gudummawa ita ce in ba a ƙiyasta ta da naira an rubuta ba, ranar da aka sami saɓani wanda ya kawo kuɗi zai ce shi kaɗai ya yi aikin.

Mai fili daban, mai kuɗi daban

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ginawa da kula da tituna, magudanan ruwa, wuraren shaƙatawa da filayen jama'a. A wannan jadawalin dai aka ce za ta sa hannu tare da gwamnatin jiha wajen samar da ilimin firamare da kula da shi. A takarda ke nan, filin firamaren da unguwa ke wasa a kai ya shiga hurumin ƙaramar hukuma ta ƙofa biyu.

A aikace abin ya fi haka sarƙewa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta kafa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, da SUBEB, takwararta a kowace jiha, da hukumar ilimi a kowace ƙaramar hukuma ƙarƙashin sakataren ilimi. Hedimasta ga sakataren ilimi yake kai rahoto, sakataren ilimi kuma SUBEB ce ke juya shi fiye da ciyaman. Manyan kwangilolin gini a firamare daga SUBEB suke fitowa. Babbar sakandare kuwa ba ta ƙarƙashin ƙaramar hukuma ko kaɗan, tana hannun ma'aikatar ilimi ta jiha ko hukumar kula da makarantun sakandare. Kuma sau da yawa filin da ya fi girma a gari na tsohuwar sakandare ne.

Sai batun ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin zama na gargajiya a wajen birni. Makarantu da yawa, musamman waɗanda aka kafa a guguwar ilimin firamare kyauta ta 1976, a kan filin da dagaci ko mai unguwa ya nuna da hannu aka gina su, ba safiyo, ba takardar iyaka. Filin da ba a san iyakarsa ba, duk wanda ya zuba kuɗi a kai yana gini ne a kan rigimar gobe.

Ita kuma makarantar, ina za ta samo nata kason? Dokar 2004 ta ce ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, har ta tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ga wanda ya karɓi kuɗi saɓanin haka. Firamaren gwamnati ba ta da kuɗin shiga nata. Saboda haka duk lokacin da aka ce "makaranta za ta biya kashi kaza", ɗaya daga cikin uku ake nufi: ko SUBEB ta biya, ko kwamitin gudanar da makaranta da ake kira SBMC ya samo tallafi, ko a koma kan iyaye ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai. Wannan ita ce gaɓar da ya kamata a fara fayyacewa kafin kowa ya sa hannu, domin na ukun yana nufin mai tura baro da mai sayar da ƙosai ne za su biya.

Yadda aka zo nan

Nauyin firamare ya sha sauya hannu. A 1988 gwamnatin soja ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa. A 1991 aka rushe ta aka miƙa wa ƙananan hukumomi ragama, albashin malamai ya yi ta maƙalewa, yajin aiki ya yawaita, sai aka dawo da hukumar a 1993. A watan Satumban 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, doka ta biyo baya a 2004. A duk wannan kai-komo albashi da ajujuwa ake ta fama da su. Filin wasa bai taɓa samun uban da aka ce shi ne zai amsa tambaya a kansa ba.

Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na haɗaɗɗen asusun kuɗin shigar tarayya don tallafa wa ilimin matakin farko, amma jiha ba ta cin babban kason ayyuka sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Shekara da shekaru UBEC na kukan cewa biliyoyin naira na zaune ba a ɗauka ba saboda wasu jihohi ba su kawo nasu ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Cikin abin da aka ɗauka ɗin ma, ɗan abin da ake ware wa wasanni ƙarami ne, ya fi tafiya wajen ƙwallaye, riguna da shirya gasa, ba ya isa aikin ƙasa da magudana.

A ɓangaren wasanni kuma, a watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta soke ma'aikatar wasanni ta mayar da aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Hukumar na maganar farfaɗo da wasannin makarantu, amma ba ita ke da firamaren ƙauye ba, kuma ba ta da ikon ba ciyaman umarni.

Abin da hukuncin Kotun Ƙoli ya taɓa da abin da ya bari

A tsarin rabon arzikin ƙasa, tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta nan kuɗin ke bi. Ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar ta ce gwamnoni na riƙe kuɗin. Kotu, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ta ce a biya ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma ba a ba shugabannin riƙo da ba zaɓaɓɓu ba.

Hukuncin ya yi magana a kan hanyar da kuɗi zai bi. Bai ce SUBEB ta sauka daga kan makarantu ba, bai ba ciyaman mallakar filin sakandare ba, bai kuma rage masa nauyin albashi ba. Aiwatar da shi ma ya yi ta tafiyar hawainiya. Ko da kuɗin ya iso cif, albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya ne ke fara cin kaso mai tsoka, ga mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Abin da ya faru a Abuja a 2025, inda malaman firamare suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya sabon albashin ba, ya nuna irin matsin da ke kan wannan asusu. Gaskiya ne kason da ake rabawa ya ƙaru da naira tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, amma siminti, rodi da man gireda su ma sun tashi.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan haɗa hannu suna da lissafi mai ƙarfi. Sayen sabon fili mai girman fuloti 15 a cikin gari ya fi ƙarfin yawancin ƙananan hukumomi, alhali ga fili nan a makaranta yana zaune daga ƙarfe biyu na rana har wayewar gari, da ranakun hutu gaba ɗaya. Gyara wanda ake da shi ya fi araha nesa ba kusa ba. Suna ƙarawa da cewa filin da aka kewaye, ake wasa a kai kullum, ya fi wuyar yankawa a sayar, kuma matashin da ke da atisaye da yamma yana da abin da ya raba shi da zaman majalisar 'yan shaye-shaye.

Shugabannin makarantu ba ƙin gyara suke yi ba, tsoron abin da ke biyo bayansa suke ji. Da ƙaramar hukuma ta sa kuɗi, kowa a unguwa zai ɗauka ya sami lasisin shiga. A fasa tagogi, a ɓata banɗaki, a sace kujeru, kuma hedimasta za a tuhuma. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, umarnin da ake ba makarantu shi ne a kewaye, a rufe ƙofa, a san mai shiga da mai fita. Wanda aka ce ya kulle ƙofa saboda tsaro, aka kuma ce ya buɗe ta saboda ƙwallo, yana da haƙƙin ya tambayi wanne zai bi. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma amsarta a tsarin ginin take: katanga ko waya da ta raba ajujuwa da filin, da ƙofa ta daban daga titi. Wannan ƙarin kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafi tun farko.

Jami'an ƙananan hukumomi kuma suna tambayar dalilin da zai sa su kashe kuɗi a kan kadarar da ba su da iko da ita. In an gama aiki SUBEB ta zo ta dasa sabon jerin ajujuwa a tsakiyar filin, wa zai hana? Wannan ba zato ba ne kawai. Cunkoson ɗalibai ya sa makarantu da yawa sun cinye filayensu da gini, kuma da wuya a ga laifin wanda ya zaɓi aji a kan raga alhali yara fiye da ɗari na zaune a ɗaki ɗaya.

Akwai kuma masu cewa gaba ɗaya maganar ba lokacinta ba ne: makarantar da ba rufi, ba kujeru, ba banɗaki, me ya kai ta gyaran filin ƙwallo? Masu amsa musu na nuna cewa motsa jiki da lafiya darasi ne a manhajar firamare, kuma rabin aikin filin, wato katanga, magudana, ruwa da banɗaki, abin da makarantar ke bukata ne ko ba ƙwallo. Magudanar da ta hana ruwa cin fili ita ce ke hana shi cin harsashin ajujuwa.

Aikin da kansa

A ƙasar da ruwa ke sauka da ƙarfi cikin wata huɗu ko biyar sannan a shiga rani mai tsawo, abin da ke kashe fili ruwa ne, ba ƙafar 'yan wasa ba. Idan aka baje ƙasa ba a ɗan ɗaga tsakiya ta gangara gefe ba, ba a kuma kama ruwan rufin ajujuwa an kai shi kwalbati ba, kuɗin gireda ya tafi a damina ɗaya. Ciyawa tana da kyan gani, amma tana son ban ruwa duk rani, wato burtsatse, injin ja da mai kula. Ciyawar roba tana da tsada, tana ɗaukar zafi sosai a watan Maris da Afrilu, kuma bayan wasu shekaru sai an sauya ta. Ga yawancin makarantu, ƙasa da aka daddale da kyau, mai magudana da katanga, ita ce abin da za a iya riƙewa. Ɗan kwangila ya fi samu a ciyawar roba, don haka ya kamata a san wa ke bayar da shawarar.

Abin lura kuma, in an ce filin wasa kowa ƙwallon ƙafar maza yake hangowa. Ɗan fili na ƙwallon raga ko ƙwallon hannu a kusurwar da ke da sirri ba ya cin wuri, kuma shi ne zai sa 'yan mata su amfana. Haka da'irar kokawa ko wurin langa, yashi kawai suke bukata.

Yadda wasu ke yi

A Amurka gundumomin makarantu da hukumomin gari kan rubuta yarjejeniyar amfani tare, ta fayyace sa'o'i, mai gyara, da wanda zai ɗauki alhaki in wani ya ji rauni. A Ingila dokar 1998 ta hana sayar da filin wasan makaranta sai da izinin ministan ilimi. Makarantun can suna da kasafin kansu, namu ba su da shi, don haka ba a kwafo rabon kuɗinsu. Abin ɗauka shi ne rubutawa da kuma kare filin daga sayarwa. A gida ma akwai abin dubawa: shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa ilimin 'yan mata, wanda ya fara a 2020 da jihohi bakwai ciki har da Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi da Borno, yana tura kuɗin ƙananan gyare-gyare kai tsaye zuwa asusun kwamitocin makarantu. Ya nuna cewa SBMC na iya riƙe kuɗi ta yi aiki in an ba ta horo ana kuma bin sawu.

Abin da zai iso kan talaka

Ga iyaye, abin dubawa shi ne ko "kason makaranta" zai rikiɗe ya zama kuɗin da za a ce kowane yaro ya kawo. Gudummawar ganin dama daban, harajin da ake korar yaro a kansa daban, kuma na biyun ya saɓa wa doka. Akwai kuma batun adalci tsakanin unguwanni. In aka ce sai wanda ya kawo kasonsa za a yi wa aiki, makarantar da ke da tsofaffin ɗalibai masu hali za ta riga kowa, ta ƙauye ta zauna a baya. Ana iya rage wannan ta hanyar karɓar aikin gayya a madadin kuɗi, ko a sassauta kason ga mazaɓun da ba su da ƙarfi.

Ga ƙungiyoyin unguwa, filin da aka gyara yakan zo da kuɗin shiga. Karɓar wani abu daga masu biki, masu gasar cin kofi da manyan kulob hanya ce mai ma'ana ta biyan maigadi da yashe magudana, muddin akwai rasit kuma kuɗin na shiga asusun da makaranta da ƙaramar hukuma ke sa hannu tare. Haɗarin shi ne mai biya ya kore marar biya, yaran da aka yi aikin dominsu su koma buga ƙwallo a kan titi. Sai an rubuta sa'o'in da filin yake na ƙananan yara kyauta.

Ga mai son ganin an gyara filin unguwarsu, hanyar ba ta ofishin ciyaman kaɗai take bi ba. Ana farawa da kwamitin makaranta da mai unguwa, a sa a auna filin a kafa duwatsun iyaka. Sai takarda ta bi ta hannun sakataren ilimi zuwa SUBEB, ko ma'aikatar ilimi in sakandare ce, a sami amincewa a rubuce cewa ba za a yi gini a wurin ba na tsawon wasu shekaru. Sannan kansila ya kai maganar majalisar ƙaramar hukuma ta shiga kasafi, da layi biyu, na aiki da na kulawa. Yarjejeniyar ta kasance da sunan ofisoshi ba sunan mutane ba, domin wa'adin ciyaman gajere ne, hedimasta kuma ana iya sauya masa wurin aiki a kowane zango.

Lokaci ma yana cikin lissafin. Ana tsara kasafin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, aikin ƙasa kuma da rani ake yinsa. Buƙatar da ba ta isa majalisa kafin a rufe kasafi ba za ta jira wata shekarar, filin kuma ya sake shan wata daminar a yadda yake.